Wace Ce Ta Yi Daidai? Ra'ayoyin Masu Karatu a kan Amincin Ramatoulaye da Aissatou a Littafin Une si longue lettre na Mariama Bâ

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda masu karatu, manazarta da waɗanda ba manazarta ba, suka karɓi littafin Une si longue lettre na marubuciyar ƙasar Senigal, Mariama Bâ. Ta nuna cewa akasarin muhawarar da ake yi a kan littafin ta tsaya ne a kan ƙarin aure, da kuma tambayar wace ce ta yi daidai tsakanin matar da ta zauna da wadda ta fita. Takardar tana ganin wannan alƙalanci ya kauce wa ƙashin bayan littafin, wato amincin da ke tsakanin mata biyu da suka manyanta. Ta kuma auna ƙorafe-ƙorafe biyu da masu karatu suke yi wa wannan aminci, ta amince da ɗaya, ta ƙi ɗaya.

1.0 Gabatarwa



Littattafan da suka yi suna a adabin Afirka na zamani galibi a kan namiji da mulki suke, ko kuwa a kan saurayi da budurwa. Da wuya a samu wanda ya ɗauko mata biyu da suka kai shekara hamsin, suka haihu, suka ga jiya suka ga yau, ya ce su ne labarin. Littafin Mariama Bâ yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan. Tun daga layin farko har na ƙarshe, mace ɗaya ce take magana da aminiyarta. Amma idan aka tara masu karatu aka ce su faɗi ra'ayinsu, ba a daɗewa sai zance ya koma kan mazajensu biyu da suka ƙara aure. Abin da wannan takarda take son bi ke nan: me masu karatu suke cewa, me suke tsallakewa, kuma me ya sa.

2.0 Marubuciyar da littafinta

An haifi Mariama Bâ a Dakar a 1929. Ta yi karatu a makarantar horon malamai mata ta Rufisque, ta koyar, ta haifi 'ya'ya 9, ta kuma san mutuwar aure a rayuwarta. Tana da shekara 50 littafinta na farko ya fito, a 1979, daga maɗaba'ar Nouvelles Éditions Africaines. A 1980 ya zama littafi na farko da ya ci lambar yabo ta Noma. A 1981 Modupé Bodé-Thomas ta fassara shi zuwa Ingilishi da sunan So Long a Letter, kuma a wannan shekarar ce marubuciyar ta rasu, kafin fitowar littafinta na biyu, Un chant écarlate. A 2002, da aka fitar da jerin littattafan Afirka 100 mafiya inganci na ƙarni na 20 ƙarƙashin bajekolin littattafai na Zimbabuwe, yana cikin 12 na sahun gaba. An kuma fassara shi zuwa harshen Wolof, harshen da mutanen cikin labarin suke magana da shi a gidajensu.

Labarin gajere ne. Ramatoulaye malamar makaranta ce mai 'ya'ya 12. Mijinta, Modou Fall, ya rasu da bugun zuciya, tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, sai ta ɗauki alƙalami tana rubuta wa Aissatou. Bayan shekara 25 da aurensu Modou ya auri Binetou, ƙawar babbar 'yarsu Daba, ya tattara ya koma can, bai sake waiwayar uwargida ba har shekara 5 da suka rage masa a duniya. Ita ma Aissatou irin wannan ta same ta tun da fari. 'Yar maƙerin zinariya ce da ta auri likita, Mawdo Bâ, wanda mahaifiyarsa jinin sarautar Sine ce. Uwar miji ba ta taɓa yafe wannan aure ba. Ta ɗauko 'yar ƙaninta ta raina, ta koyar da ita, da ta isa aure ta miƙa wa ɗanta. Aissatou ta ajiye wa Mawdo wasiƙa, ta kwashi 'ya'yanta maza 4 ta fita, ta ƙaro karatun tafinta a Faransa, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senigal da ke Amurka. Ramatoulaye kuwa ta zauna.

3.0 Inda masu karatu suke jayayya

3.1 Manazarta

Tun farkon fitowarsa littafin ya raba kan manazarta. Femi Ojo-Ade, a wata maƙala da ya buga a mujallar African Literature Today a 1982, ya ɗauki fafutukar 'yancin mata da ke cikinsa a matsayin baƙuwar aƙida daga Turai, ya kuma yi shakkar irin 'yancin da littafin yake nuna wa matar Afirka. Mbye Cham, a wannan mujalla a 1987, ya karkata ga jigon watsi da mata, wato yadda namiji yake juya wa iyalinsa baya. Florence Stratton ta ware wa Mariama Bâ babi guda a littafinta na 1994, ta karanta ta a matsayin marubuciyar da ta ƙalubalanci yadda marubuta maza suka saba siffanta mace. Obioma Nnaemeka kuma, a 1997, ta kawo wata magana da nake ganin ta fi kusa da abin da ke rubuce: cewa abin da Modou ya yi ba zaman mata biyu ba ne irin wanda addini da al'ada suka sani, gurɓataccen salo ne na 'yan bokon birni, inda ake fakewa da halaccin ƙari a sauya tsohuwar mata da sabuwa.

Nassin littafin yana goyon bayanta. Ramatoulaye ta faɗa da bakinta cewa ta shirya wa rabon kwana bisa adalci yadda Musulunci ya tsara, sai dai babu abin da ya zo hannunta. Yadda ma aka sanar da ita ya isa shaida. Wata Lahadi da yamma sai ga yayan mijinta Tamsir, da Mawdo, da limamin unguwa, sun sha manyan riguna. Liman ya yi ta kewaye-kewaye har gabanta ya faɗi, ta ɗauka mutuwa aka yi, sannan aka ce mata ai daga wurin ɗaurin aure suke. Ta danne, ta yi musu godiya, ta kawo musu abin sha.

A lura da abu ɗaya: duk waɗannan ra'ayoyi, masu yabo da masu suka, a kan aure suke. Lokacin ma ya taimaka. Senigal ta kafa dokar iyali a 1972, wadda ta ba miji zaɓi tun ranar ɗaurin aure ya bayyana ko mace ɗaya zai tsaya a kai, ko zai iyakance adadi, ko zai bar ƙofa a buɗe har huɗu. Littafin ya fito ana tsakiyar wannan ce-ce-ku-ce, don haka kowane ɓangare ya neme shi ya zama shaidarsa.

3.2 Masu karatu na yau da kullum

A ajin adabi kuwa, abin da na saba gani shi ne rabuwa gida biyu. 'Yan mata da yawa suna bayan Aissatou. Za ka ji ana cewa, "Wallahi da ni ce, ko kwana ɗaya ba zan ƙara a gidan ba." A wurinsu Ramatoulaye ta ba da mata, ga ilmi ga albashi amma ta zauna ana taka ta. Suna da abokiyar ra'ayi a cikin littafin ma, domin Daba ta ce wa mahaifiyarta ta yi yadda Aissatou ta yi. Matan aure da suka dawo karatu bayan sun haihu sukan yi murmushi su ce, "'Ya'ya goma sha biyu fa, ina za ta kai su?" Su a ganinsu Ramatoulaye ce ta san zaman duniya, Aissatou kuma zuciya ce ta ɗebe ta, Allah dai ya rufa mata asiri. Maza kuwa sau da yawa ƙorafinsu ɗaya ne, wai babu namijin kirki a littafin. Wannan ba gaskiya ba ne. Daouda Dieng, likita kuma ɗan majalisa, mutumin kirki ne daga farko har ƙarshe. Mijin Daba yana taya matarsa aikin gida, Ibrahima Sall kuma da ya yi wa 'yar Ramatoulaye ciki bai gudu ba, ya zo ya amsa laifinsa.

Abin da ya dame ni da wannan muhawara shi ne, mun ɗauki aminai biyu mun mai da su kishiyoyi, muna raba musu maki. Ɗaya ta zama alamar haƙuri, ɗaya alamar bore, kowa ya zaɓi tasa. Su kuwa ba su yi wa juna haka ba.

4.0 Amincin da aka tsallake

Ramatoulaye ba da mutuwar miji ta fara wasiƙarta ba. Da ƙuruciya ta fara. Gidajen kakanninsu danga ce kawai ta raba su. Hanya ɗaya mai tsakuwa suke bi zuwa makarantar allo. Haƙoransu na yarinta da suka fita, rami ɗaya suka binne su. Sai bayan ta shimfiɗa wannan ta ce mijinta ya rasu. Marubuciya ta tsara abin da gangan: amincin ya girmi aurensu duka biyu, ya kuma rayu bayan mutuwarsu, ɗaya ta hanyar rabuwa, ɗaya ta hanyar ajali.

Abu na farko da ya kamata a gani shi ne babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta alƙalanci. Da Aissatou ta yanke shawarar fita, mutane sun taru suna ba ta baki, ana tsorata ta da cewa yara maza ba sa gyaruwa in babu uba. Ramatoulaye ta jinjina mata, ta kira abin da ta yi jarunta, alhali ita kanta mace ce da ta yi imani da aure har cikin ranta. Da abin ya zagayo kan Ramatoulaye ta zaɓi zama, 'ya'yanta suka ji haushi, maƙwabciyarta Farmata mai duba da wuri ta yi ta faɗa, amma Aissatou ba ta ce mata ai ga irinta nan ba, ba ta kuma matsa mata sai ta bi sawunta ba. Ta girmama zaɓinta.

Na biyu shi ne motar da Aissatou ta saya wa Ramatoulaye. Ina son in ɗan tsaya a kanta, domin masu karatu sukan wuce ta da sauri. Bayan Modou ya tafi, Ramatoulaye ta koma biyan kuɗin wuta da ruwa, da neman mai gyaran famfo, da cunkoson motar haya ita da yaranta, yayin da Binetou take yawo a Alfa Romeo tana sauya launi. A cikin wata wasiƙa ta ambaci wahalar sufurin, ba da niyyar roƙo ba. Ba a jima ba kamfanin Fiat ya aiko a kira ta, aka nuna mata motoci aka ce ta zaɓi launin da take so, an riga an biya daga Amurka. Ta zaɓi Fiat 125 mai ruwan madara. Tana tsoron tuƙi, amma ta daure ta koya har ta samu lasisi, don kada ta kunyata aminiyarta. Modou ya yi ta bincike yana son sanin wa ya saya mata, aka gaya masa bai yarda ba, domin shi ma irin tunanin mahaifiyar Mawdo gare shi game da 'yar maƙeri.

A nan aminci ya tashi daga daɗin baki ya zama abin hannu. Ɗawainiyar da shari'a ta ɗora wa miji, ya yar, aminiya ce ta ɗauki wani kaso nata. Kuma ba kuɗin cefane ta aiko ba, wanda za a ci ya ƙare a sake jira. Abin da ta aiko ya tilasta wa Ramatoulaye koyon wani abu sabo tana da shekarunta. Matar da ta zauna bayan sitiyari ita ce daga baya ta iya buɗe baki ranar sadakar arba'in, lokacin da Tamsir, mai mata uku da bai iya riƙe su ba, ya ce zai aure ta da zarar ta fita takaba. A gaban liman da Mawdo ta wanke shi tas, ta ce ita ba kaya ba ce da za a riƙa miƙawa daga hannu zuwa hannu. Wanda ya ce Ramatoulaye ba ta sauya ba, bai kai wannan babin ba.

Na uku ya shafi Daouda Dieng. Ya so ta tun suna matasa, mahaifiyarta ma shi ta fi so, ya dawo bayan shekara 30 yana neman aurenta da mutunci. Ta ƙi, saboda zuciyarta ba ta amsa ba, kuma ba ta son ta zama sanadin baƙin cikin matarsa bayan ita ta ɗanɗana. Sai ta miƙa masa abin da ta fi ɗauka da daraja, wato abota. Ya mayar mata, ya ce ko duka ko babu. Masu karatu da yawa suna ganin wauta ta yi, Farmata ma haka ta gani. Ni abin da na gani shi ne an gwada mana ma'auni biyu: abin da ya riƙe Ramatoulaye a shekarun ƙunci, shi ne namiji mai hankali kamar Daouda ya ɗauka bai kai komai ba.

5.0 Ƙorafe-ƙorafe biyu

Ƙorafi na farko na salo ne. Masu karatu sukan tambaya: me ya sa Ramatoulaye take ba Aissatou labarin auren Aissatou, har tana kwafo mata wasiƙar da ita ta rubuta wa Mawdo? Ai ta fi kowa sani. Suna ganin dabara ce mai rauni ta sanar da mu abin da ya faru. Ban yarda ba. Ramatoulaye ta faɗa tun farko cewa littafin ajiye damuwa ta buɗe a madadin amsa, ga shi kuma tana tsare a ɗakin takaba, lokacin da mace take da sararin tunani irin wanda ba ta taɓa samu ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin aminai ya san haka hirarsu take: kin tuna ranar kaza, kin tuna abin da ya ce miki. Ba labari ake bayarwa ba, shaida ake yi wa juna cewa abin ya faru kuma akwai wanda ya gani. Ta hanyar bin labarin Aissatou ne take auna nata.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma na amince da shi. Amincin nan na 'yan boko ne, kuma yana da katanga. Su biyun suna cikin matan farko da suka yi makarantar Turawa, suna tuna shugabar makarantarsu Baturiya da ƙauna, suna ganin kansu a matsayin waɗanda aka ɗora wa nauyin fitar da sauran mata daga duhu. Manazarci Uzo Esonwanne ya taɓo wannan dogaro da littafin ya yi da tunanin wayewar Turai. Mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a dubi matan da ke wajen katangar. Mahaifiyar Binetou matalauciya ce da ta ga hanyar fita daga talauci ta bi, ta samu gida da kujerar Makka, littafin kuma bai tausaya mata ba ko kaɗan. Da aka zauna rabon gado aka gano gidan da Modou ya saya wa amarya da bashi ne, kuma gidan uwargida ya jinginar, Daba da mijinta suka karɓe gidan amaryar, tsohuwa tana kuka aka ce ta kwashe kayanta. Binetou kanta, yarinyar da aka cire daga makaranta gab da jarrabawa, Ramatoulaye ta gane an zalunce ta, amma ba a ba ta murya ba. Farmata kullum tana gidan, ita ce 'yar aike, ita ce ta fara hango cikin 'yar Ramatoulaye, amma ba ta taɓa hawa matsayin aminiya ba, saboda maroƙiya ce.

Akwai kuma wani giɓi. Muryar Aissatou ba mu ji ta kai tsaye ba sai a wasiƙar rabuwa da mijinta. Abin da ta sha a Faransa da yara huɗu, kaɗaici, ko nadama idan akwai, duk ba mu sani ba sai abin da aminiyarta ta zaɓa ta faɗa. Littafin ya ƙare ana jiran saukarta washegari. Saboda haka masu ɗaukar Aissatou a matsayin gwarzuwar da ba ta da tabo, hoton da ƙauna ta zana suke kallo.

6.0 Mai karatu Bahaushe

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan littafi. Takaba, sadakar uku da ta arba'in, dangin miji da suke cika gida, uwar miji mai ƙulla auren zumunci, ƙyamar haɗa jini da masu wata sana'a, duk mun san su. Muna ma da littafin da ya yi kusa da shi, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya 9 saboda amarya. Sai dai abin da ya tallafi Rabi sana'ar sayar da abinci ce da dangi da auren 'yarta Saudatu. Gurbin da Aissatou ta cike ba shi ne tsakiyar labarin ba. A yawancin littattafan soyayya da finafinanmu kuwa, ƙawa ita ce mai zuga, mai raka mutum gidan boka, ko mai ƙwace miji. Wataƙila shi ya sa ɗalibanmu suke tsallake motar Fiat: ba su saba ganin aminiya a takarda tana aikin alheri ba, alhali a unguwanninmu ita ce mai riƙe adashi, mai kwana a asibiti, mai haɗa kayan ɗakin 'yar ƙawarta.

Hukuncina shi ne, tambayar wace ce ta yi daidai ba ta littafin ba ce, tamu ce muka ɗora masa. Ina kira ga malaman da suke koyar da shi su rage tambayar jarrabawa a kan illar ƙarin aure, su tambayi ɗalibai me Aissatou ta yi wa Ramatoulaye, kuma wace mace aka bari a waje. Marubutanmu mata na Hausa kuma, ku rubuta mana labarin aminai biyu masu shekara hamsin.